Iddar Namiji

Ran da na sa hannu, shekara bakwai ke nan,
a hawa na tara, a Ikko, sanyin ofis na huda ƙashina,
albashin na karanta, har sau uku,
ina bin sifirin da ɗan yatsa.
Sakin layi na goma sha huɗu kuwa
na tsallake shi kamar kwata.

Shi ne ya biyo ni har ƙauyenmu, gabas da Taura:
babban injiniya ba ya ajiye aiki
sai da sanarwar wata shida.

Na ba su ranar da aka yi ruwan shuka.
Washegari suka karɓe makullaina,
ba na ƙarfe ba, irin waɗanda ake haddacewa.
Rumbun bayanan da na gina da hannuna
ya tambaye ni ko ni wane ne.
Suka ce je ka gida, albashi zai riƙa iske ka,
amma kada ka taɓa aikin kowa.

Gwaggo Tabawa na ɓarar gyaɗa na kai mata labari.
Ba ta ɗago ba.
"Sun sake ka?"
Na ce ni na nemi sakin.
"Suna ciyar da kai?"
Duk ƙarshen wata.
"Kuma ba dama ka shiga wani ɗakin?"
Ta yi dariya har faifan ya kife.
"Ubale, ai idda kake yi!
To mu tsarki uku ne.
Da Malam ya rasu ma
wata huɗu na zauna da kwana goma.
Kai wane irin ciki suke tsoron ka fita da shi?"
Na nuna mata kaina.
Ta ce, "Allah ya raba lafiya."

Manemin ya yi haƙurin wata biyu.
Saƙonsu ya same ni a kan tudun firamare,
nan kaɗai waya ke kama sanda biyu:
mun so ka, amma aiki ba ya jira.
Sun ɗauki Nafi'u,
yaron da na zauna da shi dare uku
ina nuna masa inda kuskure ke ɓuya.

Gero ya tsiro, ya yi bununi, aka yanke.
Riɗi ya bushe a tsaye, aka kakkaɓe.
Jar akuyar Gwaggo ta ɗauki ciki bayan zuwana,
shekaranjiya ta haifi biyu.
Ni ina nan.

Ranar da na fi jin abin,
Mati ɗan ƙwadago ne, tsakiyar noman maimai,
ya jingine fartanya da azahar,
ya ce, "Yallaɓai, ba ni na rabin yini,
an yi mini hanyar lodi a Gujungu."
Na ƙirga masa. Ya kaɗe wando.
Na bi ƙeyarsa da kallo har ya shige kuka,
mutumin da ban kai shi arzikin ƙafa ba,
ko da kuɗinsa na shekara
bai kai nawa na yini uku ba.

Jiya na'urar cire kuɗi ta Sallau ta ƙi magana.
Layi har bakin masallaci, ana ta tsaki.
Daga inda nake tsaye na gane ciwonta.
Na sa hannuwana a aljihu
ina tunanin lauyoyi a hawa na tara,
sannan na tuna ba su san hanyar garin nan ba.
Minti huɗu.
Sallau ya ba ni rake gaɓa biyu.
Na shanye a ɓoye, bayan shago, kamar mai laifi.

Saura kwana goma sha tara.
Ina ja musu layi da gawayi a bangon zaure,
ni da na taɓa riƙe agogon bankuna uku.
Gwaggo ta aika an sayo sabulu,
ta ware kwano biyu na sabon gero,
wai ranar fita sai ta yi gumba ta raba wa yara.
Na ce ta bari.
Ta ce ba a fita haka nan.